Abin da fitsarin safe ya tona

Na shekara 11 ina fama da ciwon sukari kafin ranar da aka miƙo mini wata 'yar kwalba mai jan murfi aka ce gobe in kawo fitsarin farko da zan yi bayan na tashi daga barci. Ba wai ban taɓa gwajin fitsari ba. Na sha yi, irin wanda nas ke tsoma siririyar takarda, ta ɗaga ta dubi launi, ta ce babu komai. Ni kuwa in ɗauki katina in yi gaba, raina fes. Ashe takardar nan ba ta hango abin da ake nema sai ya riga ya yi yawa.

Sabuwar likita ce aka kawo ƙaramin asibitin da nake zuwa duk wata uku, yarinya wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta jima tana buɗe fayil ɗina shafi bayan shafi har na fara ƙosawa, don ni abin da ya kawo ni a sabunta mini takardar magani ne kawai. Can ta ɗago ta ce, "Baba, yaushe rabon da a auna maka albumin a fitsari?" Na ce ko sunan ban taɓa ji ba. Ta ce, "Gwajin ƙoda fa?" Na ce ƙodata lafiya lau, ba ta taɓa yi mini ciwo ba ko sau ɗaya.

Ta ajiye biro. Ta ce ai matsalar ke nan, ƙoda ba ta ciwo. Mutum zai iya rasa rabin aikinta yana cin abincinsa, yana zuwa aikinsa, bai ji komai ba. Kumburin ƙafa da tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki duk sai tafiya ta yi nisa suke bayyana. Shi ya sa ƙa'ida ita ce mai irin sukarina, wanda ake kira nau'i na biyu, a gwada masa ƙoda tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Mai nau'i na ɗaya kuma a fara bayan shekara 5. Ta ƙara da cewa kusan ɗaya cikin uku na manya masu sukari ƙodarsu ta taɓu, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Ana cewa jiki magayi. Nawa dai bai gaya mini komai ba.

Abin da ban faɗa mata a ranar ba shi ne yayana ya rasu 'yan shekaru kafin nan, bayan ya daɗe yana wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Na sha raka shi. Na san ƙarar na'urar, na san yadda yake fitowa a galabaice kamar an matse tsumma. Shi ma sukari gare shi. Duk da haka ban taɓa haɗa nasa da nawa ba, ko kuwa ban so in haɗa ba. Na fi karkata ga na biyun.

Bayan kwana huɗu na koma. Lambobi biyu ta zagaye a takardar sakamako, 210 da 58. Ta ce kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma a yini guda su biyun suna tace ruwan jini da ya kai lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Albumin wani furotin ne na cikin jini wanda bai kamata ya ratsa matatar ba. In sukari da hawan jini suka daɗe suna dukan matatar, sai ta zama kamar rariyar da idanunta suka buɗe, abin da ya kamata ta riƙe ya fara zuba. Lambar farko ke nan, yawan albumin ɗin da ke yoyo. Ƙasa da 30 shi ne lafiya, daga 30 zuwa 300 yoyon ya fara, sama da 300 ya yi tsanani. Ta biyun kuma, wadda suke rubutawa eGFR, ƙiyasi ne na ƙarfin tacewar, ana lissafa shi daga wani datti mai suna kiriyatinin da tsokar jiki ke zubarwa cikin jini, tare da shekarun mutum da jinsinsa. Matashi mai lafiya yana sama da 90. In ya sauka ƙasa da 60 ya zauna a nan fiye da wata uku, ciwo ne. Ƙasa da 15 kuwa nan ne ake fara maganar wanki ko dashe.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Likita, ke nan na kamu?" Ta ce ba za ta rubuta haka ba tukuna, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi na iya ɗaga albumin, haka ciwon mafitsara, haka motsa jiki mai tsanani kwana ɗaya kafin gwaji, haka sukari ko jini in suka yi mugun hawa, ga mata kuma har lokacin al'ada. Ni kuwa mako guda kafin nan na yi zazzaɓi. Sai an yi gwaji uku cikin wata uku zuwa shida, biyu sun nuna, sannan a tabbatar.

Makonnin jiran nan su ne mafi muni a duk tafiyar. Na koma mai leƙen masai. Kowace safiya sai in tsaya ina kallon kumfa, in ta yi yawa yinina ya ɓaci, in ta baje da wuri in ce ai zazzaɓin ne. Da na ba likitar labari ta yi dariya, ta ce kumfa na iya zama alama, amma ba ma'auni ba ce, in bar idona ya huta. Aikin da ta ba ni a maimako shi ne awon jini a gida na mako guda, safe da yamma. In zauna shiru minti biyar, bayana jingine, ƙafafuna a ƙasa, hannu daidai ƙirji, in auna sau biyu in rubuta duka. Mai ɗakina ce ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu na yara ta ja layuka. Littafin nan har yau shi ne muke amfani da shi, ya fi fayil ɗin asibiti cika. Matsakaicin awon ya fito 148 bisa 90. Shekara da shekaru ana ce mini "jininka ya ɗan hau, ka rage tunani." Ita ta ce abin da take nema ƙasa da 130 bisa 80 ne, kuma rage tunani kaɗai ba zai kai mu can ba.

Gwaji na biyu, bayan mako shida, babu zazzaɓi babu komai, ya ba da 176 da 57. Ta ɗora ni a kan lisinofiril. Ta ce ba don hawan jini kaɗai ba, wannan rukunin magani yana rage matsin da ke cikin matatar kanta, shi ya sa ake zaɓarsa ga mai yoyon albumin. Da wata uku suka cika lambobin ba su koma daidai ba, ta rubuta a saman fayil ɗina da manyan baƙaƙe, G3a A2. G ɗin matakin ƙarfin tacewa ne, daga 45 zuwa 59, A ɗin kuma matakin yoyo. Na daɗe ina kallon rubutun kamar lambar mota.

Lisinofiril bai karɓe ni ba. Wani busasshen tari ya sa ni gaba, babu majina babu mura, sai ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya fi tsananta in na kwanta. Na sha maganin tari kwalba biyu a banza. Mai ɗakina ce ta ce, "Malam, tun da ka fara farin maganin nan ne fa." Haka ne kuwa. Likita ta ce sanannen abu ne, ta canza mini zuwa losatan, wanda ke yin aiki iri ɗaya ba tare da tarin ba. Na tambaye ta ragowar na farkon fa, in haɗa su in ƙarar don kada a yi asara? Ta ce, "Kul, Baba. Waɗannan biyun ba a haɗa su." Haɗin na iya ɗaga fotasiyam, wani sinadari da ke cikin jini, ya kuma yi wa ƙodar illa. Ta kuma ce kada in taɓa ba wata mace daga ciki don jininta ya hau, domin yana cutar da ɗan da ke ciki.

Duk sanda aka fara irin wannan magani ko aka ƙara yawansa, sai an koma gwajin jini cikin mako biyu zuwa huɗu, a duba kiriyatinin da fotasiyam. Na yi ta zirga-zirga a watannin nan har mai ɗibar jinin ta haddace wace jijiya ce ke ba da haɗin kai. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ne fotasiyam ya fito 5.7, alhali iyakarsa wajen 5 ne, kuma in ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa. Likita ba ta yi saurin cire maganin ba. Ta fara yi mini tambayoyi, me na canza, me na ƙara, wa ya ba ni wani abu. Na ce babu. Sai mai ɗakina, da ke zaune a gefe, ta ce ita dai tun da aka ce in rage gishiri ta sayo wani na musamman da aka rubuta a jikinsa cewa na masu hawan jini ne. Likita ta dafe kai. Irin wannan gishirin an cire masa wani kaso na sodiyam an maye gurbinsa da fotasiyam. Ga mai lafiyayyar ƙoda ba laifi, amma ga wanda ƙodarsa ta yi rauni kuma yana shan losatan, garin neman gira ne a rasa ido. Muka daina, bayan 'yan kwanaki aka sake gwaji ya dawo 4.8. Baiwar Allah nan ta kwana biyu tana jin kamar ita ta yi laifi, alhali ƙoƙarin taimako take.

Ma'aunin gishirin dai bai canza ba. Ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ya riga ya ɓuya cikin kayan gwangwani da na leda da sinadaran ɗanɗano. Mako ukun farko komai salam nake jin sa. Daga baya harshe ya saba, har in na ci a wani wuri sai in ji gishirin ya yi kururuwa. Furotin kuwa ba ta hana ni ba, ta ce in tsaya tsaka-tsaki, kada in yi ta loda shi da sunan guje wa sukari, kada kuma in ƙaurace masa in rame.

Sai aka zo kan maganin da ya kusa raba ni da ita. Sunansa ma sai ka yi shiri kafin ka faɗa, emfagiliflozin, ƙwaya ɗaya ta miligiram 10 da safe. Yana cikin rukunin da ake kira SGLT2, masu sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari. Ta gargaɗe ni cewa daga yanzu duk wanda ya gwada fitsarina zai ga sukari jingim, kada ya tsorata ni, aikin maganin ke nan. Ta ce zan riƙa yawan fitsari a farko. Akwai kuma wani bayanin da ta ga ba zai yi daɗi daga bakinta zuwa kunnena ba, sai ta kira wani nas namiji ya ja ni gefe. Sukarin da ke fita yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburi a gaba, maza da mata, don haka a kula da wankewa da busarwa, in abu ya fito a zo da wuri, maganinsa mai sauƙi ne. Na ji daɗin wannan kara da ta yi mini. A ranar ta kuma cire mini wani tsohon maganin sukari, gilibenkilamid, ta ce yana daɗewa a jikin mai raunin ƙoda har ya faɗar da sukari ƙasa da kima. Sai a lokacin na gane dalilin rawar jiki da zufar da kan kama ni wani lokaci kafin azahar.

Ta kuma ce mini lambar eGFR za ta ɗan sauka a farko. Ta faɗa, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ji daban, gani daban. Losatan ya riga ya sauke ni daga 57 zuwa 52. Bayan wata ɗaya da sabon maganin na karɓi takarda na ga 47. Na tsaya a bakin ɗakin gwajin ina lissafi da yatsu. Goma sun tafi cikin 'yan watanni. In aka ci gaba a haka, nan da shekara biyu ina kan kujerar da yayana ya zauna. Na zo da ƙafata lafiya lau, an ɗora ni kan magunguna, ga shi ƙodar na zubewa. Ban koma wurin likita ba. Na je gida na daina shan ƙwayar, ban gaya wa kowa ba.

Kwana tara na yi. Mai ɗakina ce ta ƙirga abin da ya rage a katin maganin ta ga lissafi bai fita ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce gobe tare za mu je.

Na shiga da shirin rigima. Likita ta saurare ni har na gama, sannan ta juya takardar sakamakon ta zana tiyo biyu da rariya a tsakaninsu, ɗaya na shigo da ruwa ɗaya na fitar da shi. Ta ce a jikin mai sukari ruwan na shigowa da ƙarfin da ya wuce kima, rariyar na tace da yawa, lamba ta yi kyau a takarda, amma ƙarfin nan shi ne ke yayyaga ta a hankali. Losatan yana buɗe tiyon fita, sabon maganin kuma yana ɗan tsuke na shiga. Matsi ya ragu, saboda haka abin da ake tacewa a minti ɗaya ya ɗan ragu. "Baba, ba matatun ne suka mutu ba, kaya aka rage musu. Da za mu gwada ka yau bayan kwana taran nan, mai yiwuwa mu ga lambar ta ɗan hau, kuma hawan ba alheri ba ne." Ta ce abin da zai sa ta tsaya ta sake lale shi ne kiriyatinin ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari, nawa kuwa ko kusa bai je ba.

Na ce wa ya tabbatar da haka. Ba ta ji haushi ba. Ta ce an yi manyan bincike a kan dubban mutane, sakamakonsu ya fito a 2019 da 2020 da 2022, kowanne da magani ɗaya daga rukunin, kuma hoton iri ɗaya ne. Masu shan maganin lambarsu ta fara faɗuwa kaɗan, sannan ta riƙa gangarowa a hankali ƙwarai, waɗanda ba su sha ba kuma suka fara a sama amma suka wuce su ƙasa daga baya. A kan haka ne ƙungiyar ƙwararrun ƙoda ta duniya, KDIGO, ta sa a ƙa'idojinta na 2022 cewa mai sukari nau'i na biyu da ciwon ƙoda a ba shi wannan rukunin muddin lambarsa ta kai 20. Ta zana layuka biyun suna gittawa. Na naɗe takardar na sa cikin littafinmu, kuma na sha ɗauko ta in duba a daren da zuciya ta ƙi kwanciya.

Ina ganin da a ce ta zana mini hoton nan tun ranar farko da ban yi abin da na yi ba. Na gaya mata haka, ta ce gaskiya ne. Sai dai na san mutum nawa ke jira a bakin ƙofarta a kowace safiya, kuma na san ni ma ban tambaya ba.

Sauran abubuwan sun zo ba hayaniya. Ta ƙara mini ƙwayar rage kitsen jini, sitatin, da dare. Da na ce ni ba ƙiba gare ni ba, ta ce mai irin matakina abin da ya fi yi masa barazana ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, da yawa ba sa ma kaiwa ga wankin ƙodar da suke tsoro. Ta tura ni aka ɗiga mini magani a ido aka leƙa bayansa, saboda ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda tare sukari ke cin su, aka ga alamar farko-farko. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, ya sauko daga 8.6 zuwa 7.3, ta ce a shekaruna da yanayina ba ta son mu matsa har sukari ya riƙa faɗuwa. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako. Sigari dama ban taɓa sha ba. Albumin ya sauko ƙasa da 100. Na fara jin na gane kan abin.

Ana murna an warke targaɗe sai ga karaya. Gwiwata ta dama ta tashi da ciwo, na shiga kantin magani aka ba ni daikilofenak, na sha kwana biyar, safe da dare. A kwana na huɗu gudawa da amai suka kama ni. Ba na iya riƙe ko ruwa, amma saboda na yi alkawarin ba zan ƙara wasa da magani ba, sai na dage ina haɗiyar ƙwayoyina duka, losatan da metfomin, maganin sukarin da nake sha, da emfagiliflozin, ina ganin biyayya nake yi. A rana ta uku da fara aman in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, fitsarin yini guda bai cika kofi ba, launinsa ya yi duhu. Aka kai ni. Lambar eGFR ta fito 29.

Ruwa aka ɗaura mini, aka dakatar da magungunan uku, aka karɓe daikilofenak ɗin. Da na dawo hayyacina likita ta yi mini bayanin da na so a ce na sani tun da. Jikin da ya bushe jininsa ba ya isa ƙoda sosai. Irin su daikilofenak da ibufurofen suna ƙara tsuke hanyar shigar jinin, losatan kuma ya buɗe ta fita, sai matatar ta rasa matsin da za ta yi aiki da shi kwata-kwata. Metfomin in ƙoda ta tsaya taruwa yake a jini ya zama haɗari, shi kuma sabon maganin yana iya jawo tsamin jini ga wanda ba ya cin abinci, ko da awon sukarinsa bai hau ba. Magungunan da ke kare ƙoda ranar lafiya su ne ke iya cutar da ita ranar da jiki ya bushe. Ta rubuta mini a bangon littafinmu da hannunta: in amai ko gudawa ko zazzaɓi mai zafi ya hana ni ci da sha, in dakatar da waɗannan ukun, in yi ta kurɓar ruwa, in auna sukari akai-akai, in kira ta ko in zo, kuma in koma shan su bayan na yi kwana ɗaya zuwa biyu ina ci ina sha daidai. Ta ce masu allurar insulin su ba sa dainawa, nasu tsarin daban ne. Na ciwon jiki kuma farasitamol, shi ma bisa ƙa'ida. Duk wani jiƙo ko gari da ba a san abin da ke cikinsa ba, in bar shi inda na gan shi. Tun daga ranar, kafin a miƙo mini kowane magani ko a yi mini hoton da ake allurar rini, nakan riga mai bayarwa magana, "Ina da ciwon ƙoda, ga lambata."

Ƙodar ta farfaɗo, amma ba ta koma inda take ba. Ta tsaya a 44. Maki ukun nan da na rasa a kan ciwon gwiwa har yau suna yi mini zafi, don su ne suka tsallakar da ni zuwa G3b. Saboda haka aka raba metfomin biyu, daga miligiram 2000 a yini zuwa 1000, domin ƙa'idarsa ita ce a rage in lamba ta sauka ƙasa da 45, a daina in ta sauka ƙasa da 30. Ta kuma auna mini bitamin B12, wanda daɗewa a kan metfomin kan rage.

Tun farkon tafiyar nake matsa mata ta tura ni wurin ƙwararren likitan ƙoda, a ganina ciwo babba sai babban asibiti. Takan ce akwai lokacinsa: in lamba ta sauka ƙasa da 30 ta zauna, in yoyon ya haura 300 ya ƙi sauka, in ana rasa fiye da maki 5 a shekara ba tare da dalili ba, in an ga jini a fitsari, ko jini ya ƙi sauka duk da magunguna da yawa, ko kuma in ta yi zargin ba sukari ne ke cin ƙodar ba. Bayan abin da ya faru sai ta rubuta takarda ta tura ni. Na yi dogon jira kafin in samu ganinsa. Dattijon ya karanta takardarta, ya karɓi littafinmu ya bi shi layi-layi, ya sa aka yi mini hoton ƙoda, sannan ya ce, "Alhaji, babu abin da zan canza. Ka koma wurin wadda ta turo ka, in gan ka shekara mai zuwa." Na fito rabi da jin daɗi rabi da jin kunya.

Wani lokaci nakan koma kan shekaru 11 ɗin farko. Ba na ɗora wa mutum ɗaya laifi. Kowa ya duba sukari ya sabunta takarda, ni ma abin da nake so ke nan, a sallame ni da wuri. Amma gwajin nan ba wani abu ba ne, kwalba ce da ɗigon jini, kuma magungunan hawan jinin da ke kare ƙoda sun daɗe a duniya tun kafin a gano sukarina. Da an fara tun yoyon yana 40, ban san a wace lamba zan kasance yau ba. Nakan yi wannan tunanin in ture shi, don ba ya ƙara maki ko ɗaya.

Shafin ƙarshe na littafin yanzu yana nuna 44, 43, 44 a gwaji uku na shekarar da ta wuce. Jini yana yawo tsakanin 124 da 130 a sama. Albumin ya tsaya a 62, ya ƙi sauka ƙasa da 30 duk da an kai losatan miligiram 100. Saboda wannan ragowar likita ke tunanin ƙara wani magani mai suna finerenon, amma shi ma yana ɗaga fotasiyam, nawa kuma na ƙarshe ya fito 4.9, a bakin iyaka. Ta ce sai ta sake gani kafin ta yanke shawara. Mai ɗakina ta riga ta ja sabon layi a shafin, ta rubuta ranar Talata. Kwalbar mai jan murfi tana kan tagar banɗaki, inda idona zai fara sauka kafin in manta in zubar da na farkon.